Buɗaɗɗiya

Wata a cikinku ta rubuto mini cewa taurin kai ke damuna, wai mutumin da ya saya mini waya ba maƙiyina ba ne. Na gode, 'yar uwa. Ni ma haka na ɗauka.

Ga sababbin zuwa, ga inda muke. Ni ce autar gidanmu. Na yi shekaru ina karatu a ƙasar da rana ke yi wa mutane rowa, na dawo bara, na sami aiki a ɗakin gwajin ruwan sha. Akwai wanda zan aura. Ba wanda ya matsa mini, da bakina na ce to. Ɗan aminin marigayi Babanmu ne, kowa Injiniya yake ce masa, sana'arsa haɗa wa ofisoshi intanet da kwamfutoci. Ba ya ɗaga murya. Ba ya makara. Ko zufa ba ya yi, kuma wannan ya kamata ya sa ni tunani tun da wuri.

Da Baba ya rasu ba na nan, shi ya tsaya wa gidan. Duk abin da ke da waya ko batir a gidanmu, hannunsa ya bi ta kai. Ya haɗa wayar Umma da ta Yayana da ta Gwaggo a asusun iyali guda ɗaya, irin na manyan kamfanonin nan, shi ne mai kula. Ya nuna wa Umma wata taswira, kowane ɗa da ɗigonsa. Umma ba ta karanta yaren wayar, amma ta san ɗigo. Tana zaune a falo za ta ce, "Yayanku ya tashi daga aiki," ta ji daɗi kamar ta gan shi da ido.

Ranar da na sauka ya miƙo mini kwalin sabuwar waya da hannu biyu.

"Ba sai kin wahala ba, Malama. Na shirya komai. Kunnawa kawai za ki yi."

Na kunna. Ɗigona shuɗi ne.

Wata da watanni ban ga laifin komai ba. Ina fitowa daga aiki motarsa na tsayawa, na ce dace. Na duba wani takalmi a intanet ban saya ba, ya zo mini da shi daidai ƙafata, na ce kulawa. Ƙawayena har kishi suke yi, wai nasu ko ranar haihuwarsu ba sa tunawa.

Sai ranar da aka manna wata sanarwa a allon ofishinmu, ana neman wanda zai je wani gari aikin rijiyoyi na 'yan watanni. Na ɗauki hotonta don in duba a nitse. Ban gaya wa kowa ba. Ni kaina ban gama gaya wa kaina ba.

Da yamma muna cikin mota, ya rage sautin rediyo.

"Garin nan hanyarsa ba ta da kyau. Kuma ga hidimar aure a gabanmu."

"Wane gari?"

"Na rijiyoyin."

"Wa ya gaya maka?"

"Hotunanki ai ma'ajiyar iyali suke faɗawa. Don kada su ɓace ne in wayar ta lalace."

Ya faɗe shi kamar wanda aka tambaya ƙarfe nawa. Ya ƙara sautin rediyo. Ni kuwa na shiga tuno duk abin da na taɓa ɗauka da wayar nan: wani ƙurji a kafaɗata da na tura wa likita, rigar barci da na gwada a gaban madubi, fuskata ranar da na yi kukan Baba ni kaɗai. A can inda na yi karatu na koyi cewa ihu ba ya gyara inji.

A ɗakin gwajinmu na jami'a, duk kwamfutocin buɗaɗɗiyar manhaja suke amfani da ita, wato wadda rubutun da aka gina ta da shi yake a fili, duk mai ilimin abin zai iya karantawa ya ga ko an ɓoye wani abu a ciki. Na san ta, na iya ta, lalaci ne kawai ya hana ni sa ta a kayana. Ranar Asabar lalacin ya ƙare.

Da safe na rufe ɗaki na shimfiɗa kaya a kan gado: kwamfutata, wayar, igiyar haɗi, da wata 'yar ma'ajiyar bayanai mai girman sabulu. Na fara da kwamfutar, ita ba ta yi gardama ba. Sannan na kwashe hotuna da lambobin mutane daga wayar, na cire ta daga asusun iyali. Ta tambaye ni ko na tabbata. Ta sake tambaya. Ta yi mini gargaɗi da jan rubutu cewa komai zai goge. Ban taɓa jin an roƙe ni in zauna kamar yadda wayar nan ta roƙe ni ba. Na danna.

Ba zan yi muku ƙarya in ce daɗi ne zalla ba. Manhajar banki ta ƙi tashi sai da na bi ta wata hanya. Sabuwar taswirar ba ta san lungun bayan gidanmu ba. In ina rubutu, wayar ba ta ƙara riga ni faɗin kalmar da ke bakina. Ta zama baƙuwa, ba ta san ni ba, ba ta san takalmin da nake so ba. Na riƙe ta a hannu na ji wani sanyi ya sauko mini har ciki.

Ban gama jin sanyin ba Umma ta ƙwala kira daga falo.

"Auta! Auta, kina ina?"

"Ga ni a ɗaki, Umma."

"Ba kya nan!"

Na fito. Tana tsaye da wayarta, mayafi ya zame mata. Ta juyo mini fuskar wayar.

"Duba. Ba kya nan."

"Umma, ga ni a gabanki."

Ta dube ni, ta dubi wayar, ta sake duban wayar. Wallahi na ga lokacin da ta zaɓi wanda za ta yarda da shi, kuma ba ni ba ce.

Kafin in zauna saƙon Injiniya ya shigo.

"Wayarki lafiya?"

"Lafiya lau."

"Faɗuwa ta yi?"

"A'a."

"To me ya same ta?"

"Wanka na yi mata."

Can sai ga shi: "Gobe zan shigo in gaida Umma."

Bai zo shi kaɗai ba. Ya biya ya ɗauko Gwaggo, yayar Babanmu, wadda tun da na dawo ba ta kira ni da komai ba sai Baturiya. Ta shigo da babban mayafinta ruwan ƙasa da tabarau mai sarƙa, turarenta ya riga ta zama. Shi kuma farar riga ce a jikinsa, an goge ta har tana iya tsayuwa da kanta, da agogon nan nasa da ke motsi a hannunsa duk lokacin da saƙo ya shigo. Ya durƙusa ya gaida Umma, ya zauna a ƙaramar kujerar kusa da ƙofa, kamar wanda ya zo rakiya kawai. Ni doguwar rigata mai ruwan toka ce a jikina, ta zuwa aiki. Da gangan. Na kawo shayi na ajiye, ba wanda ya taɓa.

"Baturiya," in ji Gwaggo, "an ce kin ɓace."

"Ga ni, Gwaggo."

"Ba wannan ɓacewar ba. Me kika yi wa wayar da bawan Allah ya saya miki?"

"Na cire abin da ke cikinta na sa wani."

"Wanne?"

Nan na yi kuskuren. Da na ce wani mai sauƙi, ko wani mai kyau, da an wuce wurin. Amma shekarun da na yi ina amsa tambayar malamai daidai suka ci amanata.

"Buɗaɗɗiyar manhaja ce."

Gwaggo ta cire tabarau a hankali ta sake shi a ƙirjinta.

"Me kika ce?"

"Buɗaɗɗiya."

"Innalillahi. Kin ji ko?" Ta juya ga Umma. "Da bakinta. Mace ana shirin aurenta, ta zauna a gaban manya ta ce ita buɗaɗɗiya ta zaɓa."

"Gwaggo, manhajar ce buɗaɗɗiya, ba ni ba."

"Yo ai gara ke! Ke ko mayafi kya yafa. Ita fa? Hotunanki, maganganunki, duk a buɗe, duk ɗan iskan da ya zo wucewa ya leƙa?"

"Ba haka ba ne. Kamar girki ne. Akwai wanda ake kawo miki a rufe, ba ki san me aka zuba ba. Akwai wanda aka yi a gabanki, kin ga duk abin da ya shiga tukunya. Yadda aka yi ta ne a buɗe, ba abin da na ajiye a ciki ba."

"Ni za ki koya wa girki? Tukunyar da aka bari a buɗe ƙuda ke faɗa mata, a nan da can ƙasar taku duka."

Umma ta naɗe gefen mayafinta a yatsa tana warwarewa. Kuma na san abin da kalmar ta yi mata a kunne. A gidanmu komai mai daraja a rufe yake: ƙofa, akwati, baki. Buɗewa ta mahaukata ce da marasa mafaɗi.

Sai na yi abin da nake ganin shi ne mafita. Na juya gare shi. Mutumin da rabin na'urorin da yake sa wa ofisoshi da irin wannan manhajar suke aiki, wanda da bakinsa ya taɓa yaba mini ita muna hira.

"Injiniya, kai ka san ma'anarta. Yi musu bayani."

Ya ɗago. Ya dube ni, duba mai tsawo, babu fushi a ciki. Agogonsa ya motsa, ya shafe shi da yatsa.

"To, Gwaggo," ya ce a hankali, "ni ba na son in sa baki. Amma buɗaɗɗe dai buɗaɗɗe ne. Kowa na iya gani."

Masu karatu, na sha jin ƙarya. Amma ban taɓa jin wadda aka yi da kalmomin gaskiya tsantsa ba sai ranar. Kowa na iya gani. E, kowa na iya ganin yadda aka gina ta. Ya san rabin da ya faɗa, ya san rabin da ya haɗiye, ya kuma san wanda za su ji.

Gwaggo ta tafa hannu. "Shi ke nan! Mai ilimin abin ya faɗa."

Umma ta yi magana, idonta a kan tiren shayi.

"Auta, kafin Juma'a ki ba shi wayar ya rufe ta. Ya mayar da ke inda kike. In kin ƙi, ni ban san da wane ido zan kalli mahaifiyarsa ba, kuma ban san ko akwai sauran maganar aure ba."

"Babu," in ji Gwaggo. "Wa zai kai buɗaɗɗiya gidansa?"

Na raka su har mota, don tarbiyya ba ta goguwa da danna maɓalli. Gwaggo ta shiga ta rufe. Shi ya tsaya yana goge madubin gefe da hankici.

"Ka san abin da ka yi," na ce.

"Abin da za su gane na faɗa musu."

"Ƙarya suka gane."

"Malama." Ya ninke hankicin gida huɗu ya sa a aljihu. "Ni mutum ne mai son kwanciyar hankali. Abin da ba na gani yana hana ni barci. In mun yi aure za ki saba, har ki riƙa gode mini."

Ya buɗe mota. Sai ya ƙara da murmushi, "Aikin ya yi kyau, af. Ban ɗauka kin iya ba."

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi tsit. Umma ta daina cin abinci tare da ni. Amma kira, kamar ta buɗe ofis: ina kan hanya, kin isa? Ina tsakiyar gwaji da safar hannu, kina ina? Yayana ya turo dogon saƙon murya wanda bai wuce cewa in daina kunyata su ba. A rukunin hirar gida wata 'yar Gwaggo ta sa hoton ƙofa a wangale, aka yi ta dariya. Shi kaɗai ne bai kira ba, bai rubuto ba. Kullum da safe sai in tarar da motarsa ba ta nan, in ji kamar tana nan.

Na yi tunanin in bayar. Kada ku ɗauka ban yi ba. Waya ce fa. Uwata ta tsufa, hawan jini gare ta, kuma ɗigon nan shi ne abin da ya riƙe ta tun rasuwar Baba. Amma duk lokacin da na ɗauko wayar zan sa a jaka don in kai masa, sai in tuna yadda ya shafe agogon kafin ya buɗe baki.

Ranar Alhamis na dawo da wuri. Rana na dukan tagar ɗakina, na cire takalmi ke nan, sai ga Umma a bakin ƙofa. Umma ba ta shiga ɗakunanmu, kira take yi. Ta shigo ta mayar da ƙofa, ta zauna a gefen gado, wayarta a cikin mayafi kamar kayan sata.

"Auta, tambaya zan yi miki. Kada ki yi mini turanci."

"To, Umma."

"Shi wannan ɗigon. Ni ma ina da shi?"

"Kowa da ke asusun yana da shi."

"Ni ban taɓa ganin nawa ba."

"Ba ke ake nuna wa ba."

Ta gyara zama.

"Watan jiya na je asibiti. Wani abu na ji a nan." Ta taɓa ƙarƙashin hammatarta. "Ban gaya wa kowa ba, ko ke, don kada in tayar muku da hankali. An duba an ce ba komai. Shekaranjiya yaron nan ya kira ni, muna gaisawa, ya ce Umma in za ki koma wajen likitan nan ki gaya mini in kai ki, ɓangaren mata layi gare shi." Ta ɗago ido. "Ni na ɗauka ni ce mai kallo."

Ta miƙo mini wayar.

"Kashe nawa. Kada ki buɗe ni irin taki, ban shirya ba. Ɗigon kawai."

Na karɓa, na shiga saiti, na sami wurin, na danna. Sauri na yi, ban karanta ƙaramin rubutun da ke ƙasa ba. Wayar ta fito da wani allo mai zanen balan-balan. Na karanta shi sau biyu. Na koma na duba bayanan asusun, na ga shekarar haihuwar da aka sa.

"Mene ne?" in ji Umma.

"Ba zai kasu ba sai da izini."

"Izinin wa? Wayata ce."

"Umma, asusun yara ya buɗe miki. A wajen wayar nan shekararki tara. Ba za ki kashe komai ba, ba za ki sa komai ba, sai mai kula da ke ya yarda."

"Tara."

"E."

"Ni da na haife ku, na binne ubanku."

"Akwai kuma wani abu. Da na danna, ta tura masa neman izinin. Yanzu ya sani."

Ban rufe baki ba fuskar wayar ta yi duhu. Hoton jinjirin wata ya fito da 'yan taurari, da layin rubutu guda a ƙasa. Na danna ko'ina, ba abin da ya motsa. A waje rana tsaka, wani mai gyaran famfo na ta buga ƙarfe a maƙwabta.

"Me ta ce kuma?"

"Ta ce lokacin barcinki ya yi."

Umma ta karɓi wayar ta riƙe ta nesa da jikinta. Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Fuskarta ta koma irin wadda na sani muna yara, in wani ya taɓa ɗayanmu a waje.

Tawa wayar ta yi ƙara. Saƙonsa ne.

"Malama, wayar tsofaffi ba abin wasa ba ce. Ina kusa."

Na karanta mata. Ta ajiye tata a kan gado, ta kifa ta.

"Taki ta zauna yadda take," ta ce. "Buɗaɗɗiya ce ko wangalalliya, kada ki ba kowa. Gwaggonki kuma ni zan ji da ita. Tashi ki kulle ƙofar gida."

"Umma, makullin ƙofar shi ya sa mana. Na zamani ne. Daga wayarsa ma yana buɗe shi."

Ta dube ni. Ta miƙe tsaye, ta ja mayafinta ta ɗaure a ƙugu.

"Sakatar babanku ta ƙarfe tana nan a sama, ba a cire ta ba. Ta yi tsatsa, sai kin sa ƙarfi. Ruga."

Na fita ba takalmi. Simintin tsakar gida na ƙona mini tafin ƙafa. Ina hango sakatar can sama, ja-ja-ja da tsatsa, da ƙaramar fitilar makullin a ƙasanta, ja ita ma.

Ina tsakiyar fili makullin ya yi 'yar ƙara, fitilar ta koma kore.